Kayak na hawan raƙuman tabki: wanne za ka saya, wanne za ka bari a kanti

Ɗan yayata da ke karatu a Milwoki can Amurka ya ishe ni da saƙon murya a WhatsApp, wai "Kawu na tara ɗan kuɗɗi daga aikin bakansi, ina ganin mutane suna hawan raƙuman ruwa da ƙananan jirage da ake kira kayak a Tabkin Mishigan, kai da ka taɓa yi wanne zan saya?" Na kunna saƙon a fadarmu nan unguwar Zariya ta Maradi ana cikin shayi na biyu, shi kenan gardama ta ɓalle, har wani Alhaji abokinmu ɗan kasuwa ya ce shi ma fa ya daɗe yana son ya sa a kawo mashi guda ya riƙa kai yara tabkin Madarunfa. To maimakon in yi ta maimaita magana ɗaya ga mutum biyu, bari in rubuta sau guda, kowa ya ɗauki nashi.

Kafin maganar jirgi sai an gane ruwan, don yawancin masu sayen abin da bai dace ba daga nan suke kuskure. Raƙumin tabki ɗan iska ne, in babu iska babu shi. Abu uku ke haɗa shi: ƙarfin iskar, tsawon lokacin da ta ɗauka tana busawa, da kuma nisan ruwan da ta ratsa ba tare da ƙasa ta tare ta ba. Mishigan tsawonshi wajen kilomita 490 ne, wato ya ɗan wuce ka je Damagaram daga Maradi ka dawo, faɗinshi kuma kusan 190, shi ya sa in iskar arewa ta kwana tana busawa sai ka ga ƙarshen kudu wajen Shikago ya koma kamar teku. Kuma kar wani ya raina ruwan don an ce tabki, a maƙwabcinshi Tabkin Sufiriya ne jirgin dakon ƙarfe Edmund Fitzgerald mai tsawon mita 222 ya nutse ranar 10 ga Nuwamba 1975 da mutum 29 a ciki, ba wanda ya fita.

Bambancinshi da na teku shi ne gaggawa. A teku raƙumi yakan taho daga nesa a natse, tsakanin wanga da wancan ka samu daƙiƙa goma ko fiye, ka numfasa ka gyara zama. A tabki daƙiƙa huɗu zuwa shida ne, kafin ka share ruwan na farko daga ido na biyu ya iso, ga su a tsaye, ga iskar da ta haife su tana nan tana dukanka a fuska. Ruwan kuma ba gishiri, bai ɗaga mutum kamar na teku, sannan lokacin da raƙuman suka fi kyau wato daga Satumba zuwa Nuwamba shi ne lokacin da sanyi ya fara shiga.

Ma'aunin da nake bi

Na farko, kuma wallahi shi ne ya fi sauran duka in aka haɗa su: in ka kife, ya za ka koma kan jirgin kai kaɗai, cikin iska, raƙumi na zuwa? Ban ce "in Allah ya sa ka kife" ba, don kifewa dole ce, kowa na kifewa har gwanaye. Na biyu, wane irin hawa kake so, don iri biyu ne. Akwai na bakin gaɓa, ka shiga kaɗan ka juyo ka hau raƙumin da ke fashewa ya kawo ka gaɓa, ka sake komawa. Akwai kuma na bin iska, ka tashi daga wani wuri iska na bayanka kana tsallakawa daga wanga raƙumi zuwa wancan har kilomita goma ko ashirin ka sauka a wani wuri daban, mota na jiranka. Jirgin da ya ƙware a na farko da wuya ya ƙware a na biyu. Sai kuɗɗi, sai ƙarko, sai sauƙin koyo da ɗauka da ajiya.

Jirage iri biyar zan kawo, farashinsu da dalar Amurka ne fa, ba dalarmu ta sefa biyar ba kar wani ya ɗauko canjin shayi, kuma kimantawa ce, ka ninka da wajen 600 ka samu sefa.

Mai zaman sama

Wanga shi ne na roba mai kauri irin ta tankin ruwa, jikinshi a rufe ruf kamar gora, kai kuma kana zaune a kai ba a ciki ba, akwai ƴan huda a ƙasa da ruwan da ya hau ke zurarewa da kanshi. Tsawonshi mita uku zuwa uku da rabi, faɗi wajen santimita 80, nauyi kilo 20 zuwa 30. Kamfanin Ocean Kayak sun yi suna a kanshi, haka Tarpon na Wilderness Systems. Sabo daga dala 400 zuwa 1,200, na hannu kuwa a ƙarshen zafi lokacin da Turawa ke share gareji ana samu da rabin haka.

In ka kife, ka birkito shi, ka ɗora ciki a kai kamar mai hawan katanga, ka juya ka zauna, magana ta ƙare, ba kwarfar ruwa ba komi. Yaro ma ya koya a yini guda. Roba ce da ba ta jin dutse ba ta jin yashi, ka ja ta a ƙasa ta ƙoje kawai. Aibinshi dai nauyin jiki, ba shi da sauri, in iska ta yi ƙarfi fita ta cikin raƙuman aiki ne ja, kuma a kan raƙumi yana son ya juya gefe ya zubar da kai. Ana sa mashi maɗaurin cinya guda biyu, su ne ke ba ka damar karkata shi da jiki, in za ka saya ka tabbata akwai wurin maƙala su. Sannan jikinka kullum a jiƙe yake, a Madarunfa wanga ni'ima ce, a Mishigan cikin Oktoba kuwa azaba.

Gajeren kogi

Asali an yi shi ne don koguna masu gangarowa tsakanin duwatsu, mita biyu zuwa biyu da rabi, irin su Dagger da Pyranha. Kana shiga cikin rami har ƙugu, gwiwoyinka a maƙale, ka ɗaura wani bante na roba da ke toshe bakin ramin kar ruwa ya shiga. A raƙumin bakin gaɓa babu mai daɗinshi, gaskiya, yana juyawa kamar ɗan kabu-kabu a cikin babbar kasuwa, kuma gajeren raƙumin tabki da ke hana dogayen jirage sakat shi ne abincinshi. Sabo dala 1,200 zuwa 1,800, na hannu da yawa don masu kogi suna yawan canjawa. Ƙarko kuwa ba a magana, abin da aka yi don ya daki dutse.

Amma ga inda take. In ya kife kai ma ka kife tare da shi, kanka a ƙasa cikin ruwa. Hanya biyu ce, ko ka iya juyin nan da ake yi da filafili da ƙugu ka taso ba tare da ka fito ba, ko ka fizge banten ka fito jirgin ya cika da ruwa ka yi iyo da shi zuwa gaɓa. Juyin nan ba a koyonshi a YouTube kawai, ni sai da na yi lokacin sanyi guda ina zuwa wurin wanka na cikin gida wani dattijo na riƙe min hannu kafin ya zauna min, kuma ranar da na fara gwada shi cikin ruwan sanyi na ainihi duk ya gudu daga kaina. Ba shi da sauri ko kaɗan, kar ka yi nisa da gaɓa da shi, kuma kaske dole, don ƙasa na kusa.

Dogon teku

Shi ne jikan ainihin kayak ɗin da mutanen Inuwit na ƙasashen ƙanƙara suka ƙera don farauta. Mita huɗu da rabi zuwa biyar da rabi, siriri, shi ma ciki ake shiga da bante, sai dai yana da ɗakuna a rufe gaba da baya waɗanda ke hana shi nutsewa ko da tsakiyar ta cika, kuma a ciki ake zuba guzuri. Na roba dala 1,500 zuwa 2,300, na faiba ya haura 3,500. Yana ratsa iska, yana tafiya mai nisa, yana iya bin iska daidai gwargwado, a bakin gaɓa ma gwani na hawa da shi amma hancinshi na yawan nutsewa cikin bayan raƙumin gaba tunda sun matsu da juna, sai ka ji ya tsaya cak bayan ya tashi sama. Komawa bayan kifewa ana iyawa, da juyi ko da taimakon aboki ko da ƴar balan-balan da ake sa wa bakin filafili, sannan ka zauna kana bugun famfo kana fidda ruwa raƙumi na ƙara maka, abin da a ruwan kwance minti uku ne a cikin iska sai ya zama wani labari. Jirgi ne mai kyau ga wanda tafiya ce a gabanshi, hawan raƙumi kuma ƙari. Ajiya ma matsala, ɗalibi mai ɗaki ɗaya ina zai kai mita biyar?

Safski

Wanga kam in na fara ba na son tsayawa. Dogo ne fiye da dogon teku, mita biyar zuwa shida da rabi, siriri ƙwarai, amma a kai ake zama cikin ɗan kwarmi, ba bante, akwai wutsiya a ƙasa da kake juyawa da yatsun ƙafa. Daga Ostareliya ya fito, mutanen Afirka ta Kudu suka rungume shi, na kamfanin Fenn ma can ake yin shi, na kamfanin Epic kuma su ne aka fi gani a Amurka. An yi shi ne musamman don bin iska. Ranar da ka fara kama raƙumi da shi, ka ji bayan ya ɗaga hancin ya sunkuya ka daina tuƙi jirgin na gudu da kanshi kana neman ramin gaba da za ka faɗa, ranar za ka gane mi ya sa mutum zai bar aikinshi don an ce gobe akwai iska. Kuma abin mamaki raƙumin iska na tabki ya fi na teku sauƙin kamawa ga sabon shiga tunda bai kai shi gudu ba.

Komawa kai bayan faɗuwa ana yi kamar na mai zaman sama, amma sai da koyo don siririn abu ne, kuma ya danganta da faɗi, V8 na Epic mai santimita 54 mai koyo na iyawa, irin na gasa masu 43 kuwa kamar zama kan muciya ne. Babban haɗarinshi rashin nauyi, kilo 11 zuwa 16, in ka faɗi ka sake shi iska za ta mirgina shi ta tafi da shi da saurin da ba ɗan Adam ɗin da zai kamo shi da iyo, shi ya sa ake ɗaure shi da igiya a ƙafa, wanda ya shiga ba igiya ya sayar da ranshi da arha. Kuɗɗi dala 3,000 zuwa sama da 5,000, akwai na roba mai nauyi wajen 2,000 ko ƙasa kaɗan. Na faiba ba ya son dutse, ba ya son faɗuwa daga kan mota, kuma a raƙumin da ke fashewa a gaɓa yana iya karyewa gida biyu.

Na hurawa

Shi ne abokin namu na fada ya nuna min a wayarshi, kuma na gane dalili, yana shiga jaka, yawancinsu ba su kai kilo 23 na kayan jirgin sama ba, ba ruwanka da neman kamyo. Tun 2023 da hanyar Kwatano ta rikice kowa ya san yadda kawo kaya mai tsawo ya zama, ko ta Lome ko ta Kano da Jibiya zuwa Dan Isa, ga duwan, sai kuɗɗin hanya ya fi na jirgin. Akwai masu arha irin na Intex dala 100 zuwa 200, akwai na tsakiya kamar Itiwit na Decathlon, akwai masu ƙasa mai tauri da ke kaiwa dala 1,000.

A ruwan kwance lafiya lau, da wuya ma ya kife, in ya kife hawa ba wuya. A iska kuwa shi ne mafi muni cikin duka biyar ɗin, don yana zaune a saman ruwa kamar ledar da aka hura, iska ta fi filafilinka iko da shi, in tana busawa daga gaɓa zuwa tsakiya sai dai ka ga gari na ƙanƙancewa. A kan raƙumi masu arhar lanƙwashewa suke a tsakiya. Nan gida kuma yana da maƙiya uku: ƙaya, ƙugiyoyin masunta, da rana. Ka hura shi tam da safe ka bar shi a kan yashi cikin zafin Afrilu da ke haura digiri 40, iskar ciki ta kumbura, ɗinkin ya buɗe, kuma huda mai faci na iya toshewa amma ɗinkin da ya saki da wuya ya koma daidai.

Akwai na shida da ban sa a lissafi ba don gargaɗi ne, kuma shi na fara saya da jahilcina a wani babban kanti, mai arha, ana shiga ciki amma bakin ramin wagege ne ba ɗakunan da ke rufe. Raƙumi biyu suka cika shi, ya tsaya a tsaye cikin ruwa hanci kawai a waje, Allah ya sa ƙafata na taɓa ƙasa. Shi ne ya fi yawa a kantuna, shi ne kuma bai kamata ya ga raƙumi ba.

| Iri | Sabo, dalar Amurka | Ƙarko | Koyo | Komawa bayan kifewa | Inda ya fi |
|---|---|---|---|---|---|
| Mai zaman sama | 400 zuwa 1,200 | sosai | yini guda | mai sauƙi | ƙananan raƙuman gaɓa |
| Gajeren kogi | 1,200 zuwa 1,800 | sosai | watanni | sai ka iya juyi | manyan raƙuman gaɓa |
| Dogon teku | 1,500 zuwa sama da 3,500 | na roba sosai, faiba da lallaɓa | watanni | da wuya kai kaɗai | tafiya mai nisa |
| Safski | wajen 2,000 zuwa sama da 5,000 | da lallaɓa | makonni ga mai faɗi | ana iyawa, da igiya | bin iska |
| Na hurawa | 100 zuwa 1,000 | rana da ƙaya na cinshi | awa guda | mai sauƙi | ruwan kwance |

Kuɗɗin da teburin bai nuna ba

Jile na ceto, wanda a Amurka doka ce ya kasance kowane mutum na da nashi a jirgi, ni kuma na ce a jiki ba a jirgi ba. Filafili mai kyau. Sai kayan sanyi, kuma kai ɗana nan nake so ka buɗe kunne don jikinmu na Maradi bai san wanga abu ba. Sanyin hunturu da muke kuka da shi wasa ne. A watan Mayu rana na iya fitowa ka ji ɗumi har ka cire riga alhali ruwan Mishigan bai kai digiri 10 ba, in ka faɗa ciki numfashinka ne ke fara ƙwacewa ka shaƙi ruwa ba da sonka ba, bayan ƴan mintoci yatsu su daina riƙe komi, ko ka iya iyo kamar kifi. Rigar roba mai manne jiki dala 150 zuwa 400, wadda ruwa ba ya shiga sam ta kan haura 700. In kuɗɗinka bai kai jirgi da riga ba, rage na jirgin.

Ka nisanci gefen dogayen katangun siminti da ke shiga cikin tabkin a bakin tashoshi, ruwan da raƙumi ya tara a gaɓa ta nan yake komawa ciki da ƙarfi, wurin ne ya fi cin mutane. Ka duba hasashen hukumar yanayi ko manhajar Windy kafin ka fita, abin da kake nema iska mai zuwa daga tabki zuwa gaɓa, in akasin haka ne zauna gida ka yi karatu. Arewa da kai kaɗan akwai garin Shebogan, wajen awa guda a mota, masu hawan raƙuman ruwan daɗi sun daɗe suna taruwa can, je ka zauna ka kalle su yini guda, ka yi tambaya, ba sa rowar bayani.

Mu na gida kuma

Alhaji, gaskiya ɗaya ce, Madarunfa ba za ta ba ka raƙumin hawa ba. Ba laifin iska ba ne, hunturu na busawa yadda ya kamata, filin ruwan ne bai kai ba, tabkin da kana tsaye wanga gefe kana hango itacen wancan gefe abin da zai tara ƴan ƙananan tsalle-tsalle ne masu jiƙa wando. Lokacin da ruwan ke tashi da gaske shi ne gaban hadarin damina in iskar gabas ta taso da ƙura, wanga kuma lokacin fita ne ba na shiga ba, ga tsawa kai kaɗai ne tsini a tsakiyar ruwa. Wuri ne na masunta da tarunsu, ga kabarburan waliyyai 99 da ake ziyara a kewaye, ba a faɗa mashi haka kawai kamar filin ƙwallo, a gaida masu ruwan a tambayi inda aka shimfiɗa taru. Sannan tsargiya, ruwan kwance na ƙasarmu ba a rasa ta, yaron da ya yi wasa a ciki ya fara fitsari da jini a kai shi likita, maganin na nan kuma ba tsada.

Kwale-kwalen katako na masunta ma kar a raina shi, an san mai yin shi an san mai gyaranshi, yana ɗaukar mutum huɗu ko biyar, sai dai buɗaɗɗe ne in ya sha ruwa ya sha kenan. Don kai yara yawo sau uku a shekara, ka biya masunci ya tuƙa ku ka sayi jile ga kowane yaro, ya fi maka arha nesa ba kusa ba.

To wa zai ɗauki wanne

Ɗana, kai da ba ka taɓa shiga ba, ga kuɗɗin ɗalibi, ga ba mota: mai zaman sama na hannu, da maɗaurin cinya, sauran kuɗɗin a riga da jile, ka nemi ƙungiyar masu tuƙi ta jami'a ko ta gari don wurin ajiya da abokan shiga, kar ka shiga kai kaɗai ko sau ɗaya, in uwarka ta ji ni za ta kama. In shekara ta zagayo ka ga abin ya shiga jininka kuma wasan bakin gaɓa ne ke burge ka, koyi juyi a lokacin sanyi sannan ka sayi gajeren kogi. In kuma gudu da nisa kake so kuma ka fara aiki, safski mai faɗi, ba na gasa ba duk yadda mai sayarwa ya zuga ka. Dogon teku na wanda ke son kwana a tsibiri ne da tanti.

Alhaji kuwa in ka dage sai ka mallaki naka, kana da hilis ɗin ɗauka da rumfar ajiya, mai zaman sama mai kujera biyu shi ne zai jure yaranka da ranar Maradi, a ajiye shi a inuwa a kife, kar a ɗaure shi tam a kan mota cikin zafi don robar na lotsawa. In hanyar kawowa ta gagara sai na hurawa na tsakiya ba mai arhar ba, da safe kafin iska ta tashi, kusa da gaɓa, in an fito a ɗan sassauta mashi iska kafin a zauna cin soyayyen kifi.